Wasila Mai Awara da Mesar Mijinta

Duk direban da ya saba tsayawa a Tsarnawa da hantsi ya san Wasila mai awara. Shekara goma sha bakwai kaskonta yana gefen kwalta, kusa da masu ɗinkin buhunan albasa. Mace ce gajera mai saurin hannu, ba ta da yawan magana sai in ka sa mata yatsa cikin yaji. A Illela aka haife ta, aure ya kawo ta Tsarnawa, ta haifi ƴa ɗaya, Husna, wadda yanzu take ɗakin mijinta a Malbaza. Abin da direbobin ba su sani ba, matar nan da ke juya awara cikin tafasasshen mai ba ta ko ƙifta ido, akwai ɗaki guda a bayan gidanta da ta shekara tara ba ta taka ƙofarsa ba.

A ɗakin Gimbiya take zaune, cikin akwatin katako mai murfin raga. Mesa ce, tsawonta kamu shida. Mijin Wasila, Tanimun, man shafawa yake sayarwa na ƙaiƙayi da ciwon baya a kasuwannin Konni da Illela. In ya rataya Gimbiya a wuya, kafin ya buɗe baki mutane sun kewaye shi. Tun tana kaurin muciya ya karɓo ta wurin wani mai lambu, kuma tun ranar Wasila ta gindaya masa sharaɗi: kada idonta ya ga abin nan. Tana yarinya ta ga yadda kububuwa ta sari ƙawarta a gona, ta ga yadda ƙafar ta kumbura kafin a iso gari. A wurinta duk abin da ke jan ciki abu ɗaya ne.

Bazarar bara jaki ya shiga gaban moton Tanimun, wato babur ɗinsa, a hanyar Konni. Ƙafa ta karye wuri biyu. Aka ce sai wurin mai ɗori a Bazaga, kuma sai ya yi kwana arba'in a kwance. Ana ɗora shi kan amalanke yana cije baki, amma abin da ya fara faɗa wa matarsa shi ne:

"Ruwa kullum. Kaza guda duk sati ukku. Ki jehwa ki ruhe, ba ta kula ki."

Haka Wasila ta fara shiga ɗakin, da bismilla, da gefen ido. Kazar farko, jefa ta kawai ta yi ta fito da gudu har ta bar takalmi ɗaya a ciki. Da ta leƙa da la'asar babu kaza, sai wani tudu a tsakiyar jikin mesar. Amma da lokacin ta biyu ya yi, kaza ta wuni tana yawo a akwatin har tana taka Gimbiya, ita ko ba ta motsa ba. Wasila ta daure ta duba da kyau. Fatar da ta saba sheƙi ta dushe kamar an barbaɗa mata toka. Idanun kuwa sun yi fari, farin tsinkakken nono, ba ka iya cewa ina suke kallo.

Ta kira Tanimun, babu rezo a Bazaga, waya ba ta shiga. Kwana uku tana kira.

Maƙwabciyarta Hawa'u ta leƙo ta kan katanga, ta ji labari, ta riƙe haɓa.

"Maman Husna, ba ki sani ba? In mesa ta ƙi abinci, wuri taka gyarawa cikin cikinta. Babban abu taka jira." Ta dube ta sama da ƙasa. "Kuma ke ce gajera duk unguwag ga."

"Hawa'u, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Ta yi dariyar dole, amma ranar awararta ta ƙone sau biyu.

Washegari da safe Illo, ƙanen Tanimun, ya shigo da buhu yana motsi. Shi mutum ne da bai taɓa rasa amsa ba.

"Matar yaya, ke ko kullum tuwo aka ba ki ai kin gaji. Gimbiya ta gaji da kaza. Ga gafiya, yanzu na kamo ta a rumbun albasa, ƙatuwa kamar mage."

"Illo, ka tabbata?"

"Ni da na girma da mai ita?"

Ya zazzage gafiyar da ranta cikin akwatin, ya rufe, ya karkaɗe hannu, ya hau moto ya tafi lambu.

Rana ta take tsaka, Wasila ta dawo daga bakin kwalta tana wanke kasko, sai salula ta yi ƙara. Tanimun ne, an ɗauke shi an kai shi gindin wata bishiya inda rezo ke kamawa.

"Baban Husna! Yaya ƙahwa?"

"Da sauƙi. Gimbiya ta ci?"

"Ta ƙiya. Idonta ya yi hwari tas."

Ya yi ƴar dariya. "Af, na mance ban hwaɗa maki ba. Saɓa za ta yi. In idon ya yi hakanan ba ta gani, ba ta cin komi sai ta tuɓe tsohuwar riga. Ki cika mata ruwa ki ƙyale ta."

Wasila ta sauke ajiyar zuciya. "To, Alhamdulillahi. Ashe Illo wahala ya yi da gafiyarshi."

"Wace gafiya?"

"Wadda ya sa mata da sahe."

"Matatta?"

"Da ranta."

Tanimun ya yi salati. Muryar da ya yi magana da ita, ba ta taɓa jin ta haka ba, ko ranar da ƙafarsa ta karye.

"Wasila, ki hidda ta yanzu. Mesa mai saɓa ba ta kamu, ba ta kare kanta. Gafiya in ta ji yunwa cinta za ta yi da ranta, har ƙashi. In Gimbiya ta mutu, da mi zan tara mutane? Da gurguwar ƙahwa?"

"In kira Illo..."

"Lambu nisa gare shi! Ke ce kusa. Amma ki ji ni: tunda ba ta gani, duk abin da ya gitta mata sara taka yi. Ba ta da dahi. In ta kama ki, kada ki ja hannu. Kin ji? Kada ki ja."

Wasila ta tsaya a tsakar gida, ruwan kasko na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta ƙwala wa Hawa'u kira, ta danƙa mata salular, Tanimun na kan layi, da bokitin ruwan randa. Ta ɗauki muciya da murfin tukunya. Ƙafafunta suka kai ta ƙofar ɗakin ba tare da ta ji suna taka ƙasa ba.

Tun kafin ta buɗe ragar ta ji ƙarar: ƙurus, ƙurus, kamar ana gurgurar rogo. Gimbiya ta dunƙule a kusurwa, ta cusa kai ƙarƙashin jikinta. Gafiyar na bisa gadon bayanta, baki ja da jini, ta riga ta buɗe rami faɗin bakin cokali.

"Innalillahi," in ji Hawa'u daga bakin ƙofa. "Ni dai nan zan tsaya."

Wasila ta ɗaga murfin akwatin. Wani wari mai ɗumi ya daki fuskarta. Ta zura muciya ta tokari gafiyar, ita kuwa ta yi tsalle ta faɗa ɗaya kusurwar tana huci da haƙora waje. Ta sake kai mata, ta zille ta shige tsakanin naɗin mesar da katako. Muciya ba ta isa can. Sai Wasila ta sunkuya, ta shigar da hannu har kafaɗa don ta tare ta da murfin tukunya.

Ba ta ga fitowar kan ba. Ta dai ji kamar an maka mata itace mai ƙusoshi a damtse. Da ta duba, bakin Gimbiya ya rufe rabin hannunta, fararen idanun suna daf da fuskarta. Duk jikinta ya ce ta fizge. Hawa'u na ihu, Tanimun na ihu ta cikin salula.

"Kada ki ja! Haƙoranta baya sunka lanƙwasa, tsaga ki za su yi! Hawa'u, ruwa! Bisa kanta!"

Wasila ta ji jelar tana hawowa wuyan hannunta, sanyi-sanyi, tana laluben inda za ta naɗe. Ta dafe bakin akwatin da ɗaya hannun, ta kafa ido a bango, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, rabin wannan rabin waccan. Naɗi ɗaya ya zagaya. Ya matse. Yatsunta suka fara mutuwa.

"Hawa'u, don Allah!"

Hawa'u ta rufe ido ta sheƙa bokitin gaba ɗaya, rabi kan mesar, rabi kan Wasila. Bakin ya yi sako-sako, ya buɗe a hankali, naɗin ya zame. Gimbiya ta koma kusurwarta. Gafiyar, da ruwa ya ci ta, ta haura katako ta diro ƙasa, ta bi ta tsakanin ƙafafun Hawa'u ta fita. Hawa'u ta yar da bokiti ta riga ta kai tsakar gida.

Wasila ta rufe ragar, ta sa sakata, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Jini na tsattsafowa daga ƙananan huji jere-jere a damtsenta.

"Wasila? Wasila! Ki yi magana!"

Ta jawo salular daga inda ta faɗi. "Ta hita."

"Ke hwa?"

"Ina nan. In ka dawo, kai da ƙanenka ku nemi wurin kwana."

A gidan likita aka wanke mata hannun aka yi mata allura. Kwana biyar ba ta soya awara ba. Illo bai sake biyowa ta ƙofar gidan ba sai dai ya aiko gaisuwa. Amma raunin da ke bayan mesar yana buƙatar magani safe da yamma, kuma babu mai sa shi sai ita. Ta ɗaura auduga a kan doguwar sanda, tana shafawa daga nesa. Kullum tana duban ramin, ko ya yi ruwa, ko ƙuda sun same shi, domin Tanimun ya ce in ya ruɓe shi ke nan.

A rana ta huɗu idanun suka washe. Bayan kwana uku kuma ta tarar da saɓar a jikin katako, doguwa, a juye kamar safa, da ɓuli guda a tsakiya. Gimbiya na kwance tana ƙyalli, bakin raunin ya bushe. Saura abu ɗaya, wanda Tanimun ya ce shi ne shaidar ta tsira.

Wasila ta bar ta ta huta kwana biyar. Ran na shida ta kawo kaza, ta ajiye, amma wannan karon ba ta gudu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan sakata, ƙafa ɗaya a waje, har sai da ta ga harshen ya fito yana lasar iska, kan ya ɗago, jikin ya warware, ta cafke kazar. Ta kau da kai, ta latsa salula. Sau uku ta kira kafin ta shiga.

"Baban Husna," ta ce. "Ta ci."