Cukun Inna ya tafi Yamai

"Inna, an saye cukunki kaf!"

Da gudu na shigo gida ina faɗar haka, takalmina ɗaya a ƙofa.

Mahaifiyata tun tana budurwa take yin cuku da madarar shanu. Da can a kan jaki take kai shi kasuwar Gidigir daga rugarsu, da ta dawo Gure ta koma bin mota. Bana kasuwa uku tana dawowa da kayanta, har ta ce ta bar sana'ar.

Jiya, wasa-wasa, na ɗauki hoton cukun na sa a shafina na intanet. Da safen nan wata hajiya ta kira ni daga Yamai, wai duka take so, kuma nan take ta turo kuɗin ta waya.

Inna ta miƙe tana gyara ɗankwali. "To, shigo da ita mana, ki shimfiɗa mata tabarma."

"Tana Yamai fa, Inna."

"Yamai? Ta ɗanɗana?"

"A'a."

"Ta taya?"

"Ko kaɗan."

Ta ce, "Anya baiwar Allahn nan lafiyarta ƙalau?"

Dariya har da hawaye!

Da rana muka zuba cukun a kwali muka kai tasha. Kafin direba ya ɗaure, Inna ta ƙara cusa cuku biyu a ciki, daga wanda ta ajiye mana na ci. Ta ce ko a waya ne, ita ba ta sallamar mai saye babu gyara.

Yanzu haka tana tsakar gida tana dafa madara, tana waƙa.

Ku fa, me iyayenku suka ce ranar da suka fara ganin cinikin waya?