Ranar da Na Ƙi Fassara wa Baƙon Mai Wa'azi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tafinta a majami'armu ta Greensboro, kuma ba yabon kai ba, na iya aikin. Ginin ma ba namu ba ne, na baƙaƙen Amurkawa ne a East Greensboro. Su yi sujadarsu da safe, mu shiga ƙarfe biyu na rana, bencuna da sauran ɗuminsu. Yawancinmu mutanen Filato ne da Kudancin Kaduna da Bauci, kowa da yarensa na gida, Hausa ce ke haɗa mu. Yaranmu kuwa ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Shi ya sa ake wa'azi da Turanci, ni kuma in juya shi saboda iyayenmu mata da aka kawo renon jikoki suka zauna. Su shida ne a bencin gaba, ɗaya daga cikinsu mahaifiyata ce.

Tafinta a wurinmu ba maimaita magana kawai yake yi ba. Kana tsaye taku ɗaya bayan mai wa'azi, in ya ɗaga murya ka ɗaga, in ya buga ƙafa ka buga, in ya nuna sama ka nuna. Idan kuka ya zo masa, to kai ma sai ka nemo hawaye. A wurin mahaifina na gaji abin, shi ne ya yi wa Turawan mishan tafinta a ƙauyenmu, kuma tun ina yarinya ya kafa mini doka cewa kada in ƙara kome, kada in rage kome. Na riƙe dokar nan. Sauran kwanakin mako ni mai yi wa tsofaffi wanka ce da canza musu zanen gado a manyan gidajen Irving Park, inda ba wanda ya taɓa faɗin sunana daidai. Ran Lahadi kuwa makirfo yana hannuna, duk mai son jin maganar Allah da Hausa sai ya bi ta bakina. Ina son matsayin nan, ba zan ɓoye ba.

Da yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Yahudawa da Larabawa, sai guruf ɗin majami'armu na waya ya koma kasuwa. Kowa ya zama masanin annabci. Wani direban babbar mota, wanda ko sunayen annabawa bai iya jerawa ba, shi ne ke koya mana wace tsohuwar al'umma ce ta zama wace ƙasa a yau. A sa hoton gini ya rushe, a liƙa aya a ƙasansa, sannan a jera hannuwa masu tafi. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wata Hajiya 'yar Nijar da muke aiki tare ta nuna mini wayarta, cike da malamai masu ƙirga alamun tashin kiyama daga wannan yaƙi ɗaya, sai dai a nasu lissafin su ne za su ci. Muka yi dariya a wurin ajiye motoci, amma dariyar ba ta yi nisa ba, kowacce ta shiga motarta.

Ana cikin haka dattawa suka gayyato baƙon mai wa'azi na kwana uku. Bature ne ɗan ƙasar nan, dogo mai furfura, wanda yakan kai mutane ziyara Urushalima. Wasu dattawanmu sun taɓa bin sa, sun dawo da ruwan Urdun a 'yan kwalabe. Ya zo da wani dogon ƙyalle da aka zana tarihin duniya a kai, daga halitta har ƙarshen zamani, da 'yar fitila mai jan haske da yake nuna wurare da ita. Juma'a da Asabar na bi shi lafiya lau, ƙahoni da dabbobi da sarakuna na wahayin annabawa, duk na juya su. Mutumin ya iya magana, har na ji daɗin binsa. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Yahudawan da ya yi ta rantsuwa yana ƙaunarsu, a can ƙarshen ƙyallen nasa yawancinsu ƙarewa za su yi a yaƙin ƙarshe. Tsohuwar da nake kula da ita a lokacin Bayahudiya ce, kullum tana gaban talabijin da waya a cinya, tana jiran labarin jikokin ƙanwarta da ke can inda ake yaƙin. Na tuna da ita, na haɗiye, na fassara.

Sai in faɗi abin da ke bayan wannan duka. Ina da ƙane. Shekarun baya da aka yi rikici a garinmu, ya fita da babur da safe don ya duba shagonsa, bai dawo ba. Mahaifiyata ta bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga mayafin gawarwaki, ɗauke da sabon zane a jaka don ta rufe shi in ta same shi. Daga baya aka ce an binne mutane da yawa a rami ɗaya. Muka yi zaman makoki babu kabari. A wurin zaman wani mai wa'azi ya tashi ya ce duk wannan a rubuce yake, alama ce zuwan Ubangiji ya kusa, mu ɗaga kai mu yi murna. Mahaifiyata ta miƙe. Ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ya tafi. Har yau ba ta taɓa kiran ƙanena marigayi ba.

Ran Lahadi majami'a ta cika, har da waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu. Baƙon ya sa aka kunna majigi, hoto ya fito a bango. Unguwa ce guda ta Larabawa an maishe ta tsibin bulo da ƙarfe. Maza suna tono da hannu da bokiti, a gefe kuma wata mata tana tsaye da bargo a ninke a hannunta, tana jiran abin da za a tono. Ya ɗora jan hasken nan a kan ƙirjin matar. Ya ce wannan shi ne abin da annabi ya gani tun dubban shekaru, kowane gini da ya faɗi a ƙasar can taku ɗaya ne zuwa ranar da muke jira, don haka ba baƙin ciki ne namu ba, kowa ya tashi ya yi wa Allah tafi domin yana cika maganarsa.

Masu jin Turanci suka fara miƙewa. Iyayen bencin gaba kuwa bakina suke kallo, kamar kullum.

Na san abin da aikina ke bukata, in faɗa da irin murnar da ya faɗa, in ɗaga hannu yadda ya ɗaga. Na kuma san ɗaya hanyar, wadda kowane tafinta ya sani ko da ba ya faɗa. Sai in ce baƙo ya ce mu tashi mu yi wa bayin Allah nan addu'a, kuma ba wadda za ta gane a bencin gaba. Amma wannan ƙarya ce, a gaban bagade, kuma mahaifina bai koya mini ita ba. In kuma hanyar farko na bi, sai na kalli idon mahaifiyata in gaya mata ta yi tafi. Ita ba ni take kallo ba a lokacin, bargon take kallo. Raina ya ɓaci ɓaci irin wanda ban yi ba tun ranar zaman makokin nan.

Baƙon ya ɗauka ban ji ba ne, ya maimaita da ƙarfi, yana yi mini murmushi. Na kai makirfo bakina na ce, "Wannan ba zan faɗa ba." Na juya na gaya masa haka da Turanci, don kada ya ce ba a sanar da shi ba. Na ajiye makirfo a kan tebur, na sauko na zauna kusa da mahaifiyata.

Can sakataren majami'a ya taso da sauri ya ɗauki makirfo. Hausarsa ta barikin soja ce, ya yi ta kame-kame, a ƙarshe abin da ya iya fitarwa shi ne kowa ya tashi ya yi tafi. Iyayen suka tashi suka yi, tunda haka aka ce musu. Mahaifiyata ta dube ni ta ga ina zaune, ita ma ta zauna. A mota ba ta tambaye ni kome ba.

Asabar ta gaba aka kira ni gidan shugaban dattawa a Pleasant Garden, da hantsi. Gida ne mai fili, a baya ya shuka yakuwa da gauta kamar yana ƙauyensu. Mutum ne da nake ganin girmansa, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Su biyar ne a falo, aka ba ni kujera a tsakiya kamar mai jiran allura.

"'Yata," in ji shi, "ba ra'ayinki aka tambaya ba. Aikinki translation ne, shi ke nan. Kin kunyata baƙo a gaban kowa. Ko ba ki gaskata annabci ba ne?"

Na ce, "Baba, na gaskata. Jan hasken mutumin nan ne ban gaskata ba."

Sai na ba su labarin mangwaron mahaifina. Yana saurayi aka yi wani yaƙi a can ƙasar, tsakanin Yahudawa da Larabawan nan dai. Baturen mishan ya saurari rediyo, ya buɗe nassi, ya ce wannan shi ne na ƙarshe. Mahaifina ya fassara da dukan ƙarfinsa, kuma ya gaskata. Yana da dashen mangwaro a gwangwanaye a daminar nan, ya ƙi dasawa, wai me za a yi da itace tunda duniya ta zo ƙarshe. Suka bushe. Bayan shekara uku ya sake reno ya dasa, cikin kunya. Mu muka sha mangwaron nan muna yara, har yau suna 'ya'ya, shi kuma yana kwance a gindinsu. Na ce ayoyin da aka karanta mana ran Lahadi su ne aka karanta masa, ƙasashen da ke kan ƙyallen ne kawai aka canza. Ranar da Ubangiji zai zo ban san ta ba, baƙonsu ma bai san ta ba. Abin da na sani shi ne matar nan tana jiran gawa, kuma na san yadda uwa take idan tana jiran gawa, domin a gidana take kwana.

Wani a cikinsu ya ce siyasa na kawo cikin majami'a, ina goyon bayan Larabawa. Na ce ba ni na kawo majigi ba. Da hoton uwar Bayahude aka sa aka ce in sa mutane tafi, amsata ɗaya ce. Shugaban ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce magana ɗaya ce, in tsaya gaban jama'a ran Lahadi in nemi gafara, a wuce wurin, in ci gaba da aikina. In ba haka ba, sakatare zai riƙe makirfo. Ya faɗa a hankali, na ga ba ya so. Na ce zan iya ba baƙo haƙuri don na bar shi tsaye shi kaɗai, amma in ya dawo gobe da maganar nan, gobe ma ba zan faɗa ba. Suka yi mini doguwar addu'a, irin wadda rabinta faɗa ne, na ce amin na ɗauki jakata.

Abin ya yi mini ciwo, kada wani ya zaci ban damu ba. Na yi kuka a hanyar komawa gida har sai da na tsaya a gefen titi. Amma ban bar majami'ar ba, don ba ta kowa ba ce. Ran Lahadi na shiga da ɗaurin ɗankwalina mafi tsayi, na zauna a bencin baya. Mahaifiyata ta taso daga gaba da sandarta ta zo ta zauna kusa da ni. Sakatare yana can yana yi wa Hausa kisan gilla, ni kuma ina raɗa mata wa'azin a kunne. Wasu matan zumunta suka rage gaisuwa ta koma sannu kawai, na mayar musu da sannu.

An yi kusan wata guda kafin ta tambaya. Muna kicin da rana tana tsinke yakuwa, wadda shugaban dattawan ne ma ya aiko da ita, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wai me Baturen nan ya ce rannan?"

Na ajiye wuƙa na gaya mata duka, ban ƙara ba, ban rage ba, sai dai ban ɗaga hannu ba, ban kuma yi murmushi ba. Ta ci gaba da tsinke ganyenta har na zaci ta bar maganar.

"Matar nan mai bargo," ta ce, "an samu an tono mata nata?"

"Ban sani ba, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta tura mini kwanon ta ce in wanke. Kashegari a addu'ar safe, da ta zo kan sunan ƙanena kamar yadda take yi kullum, ta roƙi Allah ya nuna mata inda yake, sai na ji ta ƙara da matar nan mai bargo, ita ma a nuna mata. Tun daga ranar ba ta taɓa tsallake ta ba. Makirfo kuwa yana hannun sakatare har yanzu, kuma ban je na roƙa ba.