Wanda ya kai labarin ƙirjina Kwaya

Shekarun baya, kakar da ta biyo bayan babban fari, abokina ya sayar da ni saboda yarinya.

Ina da fuka tun ina goye. Ita ta fitar da ni daga lakwal, wato makarantar boko, ko da yake kaina ma ya taya ta. Da na girma na zama ɗan kokawa, mutanen ƙauyenmu na wajen Yekuwa suka ɗauka ta bar ni. Tana nan. Dabarata ita ce in gama da mutum kafin ƙirjina ya fara fito. Daga mahaifiyata sai abokina, da muke kwana zaure ɗaya, suka san haka.

Sai ya fara neman ƙanwar wani ɗan kokawar garin Kwaya. Don ya samu shiga, ya ce wa yayan, "Kada ka wahala. Riƙe shi kawai, ƙirjinsa zai kayar maka da shi." Yayan da kansa ya gaya mini daga baya.

Ranar da muka kama da yayan, lokacin sussuka ne, ƙaiƙayi ko'ina. Ya rungume ni ya tsaya. Ban san sanda gwiwata ta taɓa ƙasa ba, kuma ko ƙafata bai nema ba.

Mahaifiyata ta ce, "Ɗan nan, kai kaɗai gare ni. Bar musu filin." Na ce, "Inna, in na bari yanzu, har in mutu sunana wanda ya kayar da kansa."

A dispansar ta Magariya likita ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni masussuka da hayaƙi. Sauran maganin a bakin rijiya na yi shi. Nakan kwance sanmu mai jan ruwa in ɗaura igiyar guga a ƙuguna in ja. Fulani masu shayar da shanu suna cewa, "Kaɗo, ƙaho kaɗai ya rage maka." Wata rana in ja, wata rana in kasa tashi.

Bayan kaka biyu muka sake haɗuwa da ɗan kokawar Kwaya a Magariya. Ya riƙe, na riƙe. Da jira ya ishe shi, sai ya sunkuyo ya kafa kunne a ƙirjina yana neman fiton. Wuyansa ya ba ni. Na juya shi, bayansa ya sha ƙasa.

Ban zama wani zakara ba, fukar ma har yau muna tare. Amma na yi kokawata har na gaji na bari don kaina, kuma wannan ya ishe ni.

Ran da na kayar da shi ɗin, ina haki a gefen fili, abokina ya zo da goro a hannu. Ya ce, "Ɗan'uwa, barka. Ai na san za ka iya."

Na ce, "Ciwon nan ya shaƙe ni ya fi a ƙirga, amma bai taɓa kirana ɗan'uwa ba. Ci goronka."