Zabuwar da Ta Ƙi Yin Shiru

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba harshe magana, ya ba maƙogwaro murya. Ina roƙonsa ya jiƙan tsofaffin da zan ambata, don sun riga mu gidan gaskiya.

A Anacha aka haife ni, a wani gidan haya da ke bayan kasuwar Ose. Mahaifina albasa da barkono yake sayarwa da safe, kuma shi ne limamin ƙaramin masallacin da bangonsa ya haɗu da tsakar gidanmu. A gabansa na koyi karatun allo, har hannuna ya faɗa a rubutun ajami. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a salla.

Ina shekara takwas mahaifiyarsa ta zo mana daga Arewa, bayan ta gama takabar kakanmu. A gaban motar albasa aka kawo ta, da ƙullin kaya ɗaya da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki uku. Iya muke ce mata. Ni kuwa ƙawata take kirana, sai in ta so tsokana ta ce mini mai kan gora.

Baba ɗan farinta ne, kuma Iya mutuniyar da ce, ta riƙe alkunyar ɗan fari yadda ta gada. Ran da aka yaye shi aka miƙa shi gidan gwaggonsa, can ya tashi, danga ɗaya ce tsakaninsa da uwar da ta haife shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, Ɗan Gwaggo take cewa. Shi kuma Yaya yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannenta na faɗa. Ba sa haɗa ido. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, sai a nemo ni in kai saƙo. "Hajara, tambayi Yaya ko ta tashi lafiya." Ita kuma ta ce, "Gaya masa ƙafa ce kawai." Ni ina tsaye a tsakiya, ina maimaita abin da kowa ya riga ya ji.

Iya mawaƙiya ce ta cikin gida. Da ta idar da wuridin asuba, ta ɗauki tsintsiya, waƙa ta fara. Tana da ta daka, tana da ta niƙa, tana da ta rakiyar amarya da ta tsinkar auduga, duk da babu gonar auduga ko ɗaya a Anacha. Muryarta ta tsufa, in ta hau sama takan karye kamar busasshen kara, amma ba ta fasa hawa. Da la'asar sai ta cika baho da ruwa, ta kifa ƙwaryarta a kai, ta kama kiɗa da ludayi biyu. Mai gidan da muke haya, Mama Ngozi, tsohuwa ce ita ma, ba ta jin Hausa sai ta ciniki. Da ta ji kiɗan za ta fito tana gyara ɗaurin zane tana cewa da turancin buroka, "Mama Awusa, fire am!", wato ta ba shi wuta. Sai ka ga tsofaffi biyu, ɗaya na kiɗa ɗaya na taka rawa, kowacce tana yi wa gwiwar 'yar'uwarta dariya.

Lokacinmu na yara kuwa tsakanin magariba da isha'i ne. Daminar Anacha ba ta san gajiya ba, don haka a baranda muke taruwa, ruwa na dukan kwano, murhun gawayi a tsakiya, masara na gasuwa a kai. Iya takan miƙe ƙafar da ke ciwo kusa da wuta, ta ce, "Ga ta nan, ta hawo buhun albasa tun daga Arewa." Mu kuma mu ce, "Ta iso mu sauke ta." Kowace tatsuniyarta da waƙa a ciki. Takan ce tatsuniya ba waƙa gayan tuwo ce.

Rannan Baba ya shigo bayan la'asar, fuskarsa a ɗaure. Ashe wasu dattawan masallaci ne suka zaunar da shi. Sun ce muryar tana ƙetare bango, kuma bai kamata a riƙa jin uwar liman tana kiɗan ƙwarya, Inyamura na mata rawa ba. Ya tsuguna nesa da Iya, ya kira ni.

"Ki gaya wa Yaya, don Allah ta bar waƙar nan. Mutane na magana."

Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Tambaye shi, a littafi ya gani ko a bakin masu albasa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ki ce mata ban ce haramun ba ce. Girma nake nema mata. Shekarunta sun kai na carbi."

"Carbi?" Ta zaro nata daga wuya ta ɗaga shi sama. 'Ya'yansa sun suɗe don ja. "Ki ce masa wannan ya girme shi. Na taɓa barin salla don waƙa? Na taɓa sa sunan wani a bakin turmi in zage shi? Na bar garinmu, na bar kabarin mijina, na zo inda tuwo ma da rogo ake yinsa, ban ce uffan ba. Yanzu kuma bakina ake so in naɗe in ajiye a ƙarƙashin gado?"

"Ki ce mata gidan liman ne."

"To ki ce masa liman ya riƙe gidansa. Motar da ta sauke albasa jiya, gobe da safe za ta koma. Ni ma kaya ce, a mayar da ni."

Mun ɗauka faɗa ne na tsofaffi, sai muka ga ta shiga ɗaki ta ɗaure zannuwanta, ta ɗora ƙwaryar a sama. Ta aiki mahaifiyata ta gaya wa direban ya tsaya mata. Umma ta roƙe ta har da hawaye, Iya ta ce ba fushi take ba, amma ba ta zama inda za ta riƙa haɗiye murya kamar ɓarauniya. A garinsu babu wanda ya rage mata sai wani ƙanenta makaho. Ko ni da nake yarinya na san in ta tafi ba za mu sake ganinta ba.

Da aka yi magariba muka taru a baranda jikinmu a sanyaye. Ba mu zaci za a yi tatsuniya ba. Iya ta dubi fuskokinmu ta ce, "Wa ya mutu? Ku matso. Ga ta nan, ta ƙarshe, gobe za ta hau mota." Muka matso. Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin rariya da butarsa zai sabunta alwala, bayansa na kallonmu.

Ta ce wata zabuwa ce ta yi ƙwanta na fari. Kun san ba a bar wa zabuwa ƙwanta, kaza ake sa wa ta kwanta a kai. Aka ɗauke ƙwan aka kai gidan kaza, aka ce wa zabuwa, "Al'ada ce, kada ki nuna kin san shi." Ta ce to. Ɗan zabo ya fito, ya tashi cikin 'yan tsaki, yana bin kaza. Ita kuwa kullum rana ta yi sanyi sai ta zo bayan danga, ta yi kamar tsaba take nema, tana waƙa. A nan Iya ta gyara zama, ta buɗe murya fiye da yadda ta saba, ta rera wata waƙar da ba mu taɓa ji ba:

Ɗan zabo a gidan kaza,
ci tsabarka, kar ka waiwayo.
In ka ji motsi iska ce,
in ka ji murya ganyen dawa ne.
Shirwa ta sauko, shige zana,
rana ta faɗi, shige akurki.
Wadda ba ta kiran sunanka,
ita ce ba ta runtsawa.

Ta ce ɗan zabo ya girma ya yi kyau, ya zama shi ke hawa kan rumbu, duk kaji na bin bayansa. Sai zakaru suka zo suka ce masa, "Ranka ya daɗe, tsohuwar zabuwar nan ta ishe mu da ƙara." Shi kuma ya aiki ƙadangaruwa, wata mai kan gora, nan Iya ta dungure mini kai, ya ce a gaya mata ta yi shiru. Zabuwa ta ce, "Koma ki ce masa an karɓi ƙwaina na yi shiru. An hana ni kiran sunansa na yi shiru. Bakin nan shi kaɗai aka bar mini, kuma kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta." Ta kaɗa fiffike ta nufi daji tana waƙarta.

Ƙanena ya ce, "Sai shirwa ta zo ta ɗauke shi?"

"Ina! Ya fi ƙarfin shirwa. Babu abin da ya same shi, girmansa ma ƙaruwa ya yi. Sai dai in yamma ta yi, ya ji bayan danga tsit, yakan tsaya a ƙofar akurki ya kasa shiga, bai kuma san dalili ba. Ƙurunƙus kan kifin Kwara, don ɓerayen garin nan sun fi ƙarfin tatsuniya."

Sai a lokacin na lura da Baba. Butar ta karkace a hannunsa, ruwan ya tsiyaye duka a ƙasa, bai wanke ko hannu ba. Ladan ya kira isha'i, bai motsa ba. Can ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "Hajara, tambayi Yaya, a ina ta samo wannan waƙar. Na san karinta. Ina yaro nakan ji shi kullum yamma, tare da ƙarar taɓarya, amma babu kalmomi."

Iya ta zuba wa gawayi ido. "Gaya masa turmina a jikin dangar Gwaggo yake, kuma ba don inuwa na ajiye shi a can ba. Da baki rufe nake yi, kunya ba ta bari in buɗe. Yau na tsufa, gobe zan tafi, na ce bari in buɗe sau ɗaya."

Ban maimaita ba. Ranar ce kaɗai suka yi magana saƙon bai bi ta bakina ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce jama'a na jiran liman. Ya sake cika buta, ya yi alwala, ya fita.

Da gari ya waye motar ta tsaya a bakin layi tana hon. Iya ta fito da mayafinta ta zauna a kan ƙullin kayanta tana jiran a ɗauka mata. Baba ya zo ya wuce ta gabanta, ya ɗauke ƙwaryar daga kan kayan. Ya jawo baho, ya cika shi da ruwa da hannunsa, ya kifa ƙwaryar a kai, ya ajiye ludayi biyu a gefe. Sannan ya ce, "Ki gaya wa Yaya, in ladan ya fara, a saurara masa."

Iya ta yi tsaki. "Ce masa tun ba a yi masa askin suna ba nake saurara wa ladan."

Motar ta tafi da buhunan da babu komai a ciki. Baba ya kama hanyar kasuwa, kafin ya kai ƙarshen layi kiɗa ya tashi, Mama Ngozi ta fito da ƙullin garin rogo a hannunta, ta ajiye ta shiga rawa. Daga baya Umma ta gaya mini abin da ya ce wa dattawan: limamai suna da yawa a Anacha, su zaɓi wanda suke so, shi uwa ɗaya gare shi. Mutum biyu suka koma wani masallacin, sauran suka ci gaba da binsa.

Iya ta ƙara shekara tara tare da mu, a Anacha aka binne ta. Har ta rasu ba ta kira sunansa ba. Da Baba ya tsufa idonsa ya yi rauni, rannan ya sa na kawo tawada na rubuta masa waƙar zabuwa da ajami, manyan baƙaƙe. Bayan rasuwarsa na sami takardar a gafakarsa, a ninke, tsakanin addu'o'in da yake karantawa kullum.

Da ina yarinya na ɗauka taurin kai ne ya sa Iya ɗaure kaya. Sai da na aurar da 'ya'ya, na binne iyaye, na ga yadda tsufa ke karɓe abubuwa ɗaya bayan ɗaya, haƙori da gwiwa da ƙawaye, sannan na fahimta. Akwai maganar da mutum ke ɗauke da ita shekara hamsin, ba ta da ƙofar fita sai waƙa. Wanda ya ce wa tsohuwa ta yi shiru don girmanta, bai san me yake rufewa ba.

Yanzu ina zaune a Abakpa Nike, a Inugu, gidan babban ɗana. Ƙwaryar Iya tana wurina, ɗinkinta ya zama biyar. Jiya da la'asar na kifa ta a baho, jikokina sun kewaye ni, sai ga ɗan nawa ya dawo daga aiki, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Mama, maƙwabta fa suna ji."

Na dubi 'yarsa, ƙawata mai kan gora, na ce, "Gaya wa ubanki ya buɗe musu taga."