Tambayar da Na Kasa Yi wa Malam

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Kebbe, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar da ke tsakanin uba da 'yar fari. Mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa muke kira Malam, ba ya kama sunana. In na je gaishe shi a zaure, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, shi yana kallon littafi, ni ina kallon tabarma. Tun bayan rasuwar Inna, duk wata magana tsakanina da shi ta bakin Gwaggo take bi, ƙanwarsa da ta dawo gidan tana yi masa girki.

A Tambuwal kuwa, inda nake aikin jinya, an san ni da baki. Babu dattijon da ban tsare da tambaya ba. Me ka sha? Guda nawa? Ka ci abinci kafin ka sha? Bayan gidanka wane launi ne? In mutum ya fara kame-kame sai in ce, “Baba, nan asibiti ne, ajiye kunyar a waje tare da takalmanka.”

Malam shi ne limamin masallacin unguwarmu. Da gwiwa ta matsa masa, sujada ta zama aiki, har aka fara raɗe-raɗin a kawo masa kujera, wani ya riƙa jan sallah. Gwaggo ta ce abin ya hana shi cin tuwo. Na ji tausayinsa ƙwarai, sai na kai masa kati ɗaya na diklofenak, maganin ciwon gaɓɓai. A madafa na yi wa Gwaggo bayani: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan ya ci abinci, kwana biyar ya daina, domin maganin yana cin ciki. In ciwon ya dawo a kawo shi ya ga likita. Malam yana zaure, taku kaɗan tsakaninmu, amma ban je na faɗa masa da bakina ba. Abin da ya isa kunnensa shi ne, “Ta ce ka sha safe da marece.”

Magani ya yi aiki, Malam ya koma gaban sahu. Da katin ya ƙare sai ya ɗauki fankon ya kai kemis aka ba shi irinsa, kuma haka ya ci gaba. Ga shi ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, sahur ɗinsa dabino ɗaya ne da ruwa. A irin waɗannan ranaku ƙwaya biyu yake haɗiyewa lokaci guda, wai don su kai shi magariba. Duk wannan daga baya na sani.

Bayan wata huɗu na je gida ran Lahadi. Yana miƙa hannu zai ɗauki buta na ga tafinsa fari fat, leɓɓansa ma sun koɗe. Na san alamar ƙarancin jini ce.

“Malam, har yanzu ana shan maganin nan?”

“Alhamdu lillahi, gwiwa ta yi sauƙi,” ya ce, bai ɗago ba.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda nake yi sau ashirin a yini. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki, kuma a ranar ya kamata a kai mutum asibiti. Ta zo har bakina. Na dubi rawaninsa da littattafan da ke jere a bayansa, sai na haɗiye ta. Na koma wajen Gwaggo na ce ta tambaye shi.

“Ke ɗiyag ga! Ni in tambayi yayana wanga zance? Da wane baki?”

Na ce to ta karɓe maganin, ran Asabar zan zo da mota in kai shi gwajin jini. Ita ma ashe ta kasa karɓewa. Na hau kabu-kabu na koma bakin aikina.

Ran Alhamis ya faɗi a raka'a ta biyu ta la'asar, yana aman jini. Ina kan aiki aka shigo da shi asibitinmu. Ni na nemo jijiya na sa masa ruwa. Likita ya ce a wuce da shi Sakkwato. Ba mu kai Shagari ba ya cika, kansa a kan cinyata.

Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san tambayar da ban yi ba, kuma har yau abin yana ci na.

Ranar uku mai kemis ɗin ya aiko yana son magana da ni. Na same shi a zaure ya sunkuyar da kai.

“Wallahi Malama, ba sau ɗaya ba na hana shi. Ran nan har na ce ba ni sayar mashi, maganin ga ba a daɗewa ana shan shi.”

“To mi yac ce?”

Ya goge ido da hannun riga.

“Dariya yay yi. Yac ce, ‘Ɗiyata tab ba ni shi. Duk Tambuwal babu wanda yaf fi ta sanin magani. Abin da taz zaɓa min ba ya cuta ta.’”