Fishiyen Baba Tsoho

Ranar wata Laraba ce cikin babban hutun lakwal, wato makarantar boko, ina da shekara goma sha biyu, na kunna tsohuwar ordinatar Kawu Issa, wato kwamfutarsa, a gidanmu na unguwar Banifandou, na buɗe fishiyen rubutu da na yi sati uku ina cikawa a cikinta, na tarar da shi fari fat. Sunansa na nan, labari.txt, amma ko harafi ɗaya babu a ciki.

Abin da ya ɓace labarin kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho. Kullum da hantsi, in na gama wanke-wanke na cika randuna, sai in bar ƙawayena suna carafke a ƙofar gida, in jawo tebur bakin ɗakinsa. Yana zaune bisa tabarma yana faɗi, ni kuwa ina bugawa da yatsa biyu: sunayen iyayensa da kakanninsa, rijiyar garinsu can wajen Dogon Dutsi, yadda ya shigo Yamai bisa motar albasa bai iya Zabarmanci ko kalma ɗaya ba. Kawu Issa, ƙanen mahaifiyata mai gyaran ordinata, shi ya ba ni aron injin. Ya kuma rubuta mini wani ɗan jerin umarni da ake kira sikirit, in na buga sunansa a baƙin allon da ake ba injin umarni sai ya kwafe fishiyen zuwa wata ƙaramar kile, 'yar na'urar da ake soka wa injin, da muke ajiya a kanta.

Ana gobe Larabar an ɗauke wuta ina tsakar aiki, injin ya mutu, fishiyen ya zube. Ni ban sani ba. Da safe, kafin in buɗe komi, na buga sikirit ɗin kamar yadda na saba, shi kuma ya ɗauki fankon ya danne mai kyau da ke kan kile. Da hannuna na shafe ɗayan da ya rage.

Na yi kuka har Inna ta bar tukunya bisa wuta ta zo. Baba Tsoho bai ko motsa ba. Cewa ya yi, "Hadiza, ai ban mutu ba tukuna. Share hawayenki, gobe mu sake."

Da la'asar Kawu ya dawo, bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe sikirit ɗin ya nuna mini inda laifin yake. Da ya rubuta shi, ya sa a duba ko fishiyen na nan ne kawai, da harafin -e, bai sa a duba ko akwai wani abu a cikinsa ba. Ya tura mini kujera ya ce in gyara da kaina. Na goge harafi ɗaya na sa wani, layin ya koma if [ -s labari.txt ], wato kada a kwafe sai in fishiyen na nan kuma ba fanko ba ne. A ƙasa na ƙara saƙon da zai fito in ya tarar da fanko: "Tsaya, babu komi ciki." Muka ƙirƙiri wani fanko da gangan muka gwada, ya ƙi kwafewa. Sau biyar na maimaita don daɗi.

Muka sake labarin daga farko, ya ma fi na da tsawo, don Baba Tsoho ya tuno da wata ƙanwarsa da ya tsallake. Kafin a koma lakwal wuta ta sake yi mana irin ta ranar, saƙona ya fito a allo, na maido aikin daga kile ban ko kira Kawu ba.

Yau aikina ke nan, ina rubuta wa injuna umarni a wani ofis a Koira Kano, kuma ajiya na tafiya da kanta ba wanda ke tsaye a kai. Baba Tsoho ya rasu shekara biyu bayan wannan hutun, Kawu ya tsufa ya bar gyara. Fishiyen na wurina, shafi arba'in da ɗaya, 'ya'yana na karanta shi a waya. Da na san zai tafi da wuri haka, da na ƙara yi masa tambayoyi.