Doreen Vasko da Shafin Mamata

Shekara talatin da huɗu Doreen Vasko ta yi tana rubuta tarihin waɗanda suka rasu a jaridar garin Ashby Falls. Ta fara tun zamanin keken rubutu, lokacin da ofis yake ƙamshin tawada da kofi, kuma ba ta taɓa kuskure sunan mamaci ba. In manomi ya rasu, har gida take zuwa, ta zauna a kicin da matarsa, ta dawo da sunan karensa da shekarar da ya sayi tarakta ta farko.

Ran Litinin, uku ga Maris, sabon edita Travis Lindgren ya kira ta gaban ma'aikata. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa, ya nuna mata jerin labarai ashirin da aka fi buɗewa jiya a shafin jaridar na intanet: haɗarin mota, wasan hoki, wata barewa da ta faɗa kanti.

"Kaka, duba da idonki," in ji shi. "Ina mamatanki a nan? Daga wata mai zuwa layi uku-uku za su samu: suna, shekaru, coci."

"Layi uku," in ji Doreen. "Kakanka Arvid layi sittin na ba shi, har da ƙaryar cewa mutum ne mai fara'a."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ita kam ba ta yi ba. Doreen ba mai hayaniya ba ce, mai riƙo ce.

Ta san shafin intanet ɗin nan yana da wata ƙofa da masu manhaja ke kira API: ka nemi mabuɗi, ka aika da tambaya, na'ura ta turo maka alƙaluma. Kowane ma'aikaci yana da ikon neman mabuɗin, sai dai ba wanda ya zaci ita za ta nema. Mako biyu tana zuwa ɗakin karatu na gari bayan abincin rana, da tabarau a kan hanci, tana koyon yadda ake shirya tambayar. Sau goma sha ɗaya na'urar ta ƙi ta. A na goma sha biyu ta amsa.

Ashe jerin ba ɗaya ba ne, uku ne: wanda aka fi buɗewa, wanda aka fi yaɗawa a dandalin sada zumunta, da wanda aka fi tura wa wani ta imel. Kowanne kuma ana iya nemansa na kwana ɗaya, ko bakwai, ko talatin. Travis na farkon kaɗai yake kallo, shi ma na kwana ɗaya. Doreen ta nemi na uku, na kwana talatin. Cikin ashirin, goma sha uku nata ne. Ba ta yi mamaki ba. 'Ya'yan garin sun watse zuwa Arizona da Seattle, in an yi rasuwa kuwa goggo ce ke tura wa dangi kaf.

Ba ta nuna wa Travis ba. Ta jira kwana tara, har taron wata-wata da mai jaridar, Uwargida Oberholt, 'yar shekara tamanin da ɗaya. Doreen ta ajiye takardar alƙaluman a gaban kowa, ban da Travis.

Uwargida Oberholt ta karanta a tsanake, ta ɗago kai. "Travis, ka san da wannan jerin?"

Ya leƙa takardar na kusa da shi, kunnuwansa suka yi ja. "Ranki ya daɗe, ai imel harkar tsofaffi ce."

"Haka ne. Da mijina ya rasu, mutum arba'in na tura wa abin da Doreen ta rubuta. Ka taɓa jin an tura wa wani barewarka?"

Nan take aka bar wa Doreen shafinta cikakke, aka kuma ce Travis da kansa zai rubuta sanarwar.

Doreen ta tattara takardunta ba gaggawa, ta sa kwat ɗinta. A bakin ƙofa ta tsaya kusa da shi.

"Yaro, kada ka damu," ta ce. "Naka tarihin ma na riga na rubuta na ajiye. Layi uku ne, kuma da ƙyar na cika na ukun."